Sharbat Irin na Mutanen Iran: Yadda Ake Dafa Madararsa, a Ajiye, a Riƙa Surkawa Lokacin Zafi

Duk da son shayin mutanen Iran, baƙon da ya yi sallama a tsakiyar zafi ba shayi ake fara miƙa masa ba. Tire ake shigowa da shi ɗauke da dogayen kofunan gilas, ƙanƙara na yawo a sama, wani ruwa mai kauri da launi ya kwanta a ƙasa, ga dogon cokali a tsaye a ciki, baƙo ya juya da kansa ya sha. Wannan shi ne sharbat.

Zafin ƙasar ba na wasa ba ne. A watan Yunin 2017 ma'aunin zafi ya kai kusan digiri 54 a birnin Ahwaz da ke kudu maso yamma, garuruwan bakin hamada irin su Yazd da Kerman kuwa sun saba da watannin ƙuna. Tun kafin a san firji mutanen can suke shan ruwan ƙanƙara. Sukan gina katafaren ɗakin ƙasa mai tsini da rami a ƙarƙashinsa, wanda suke kira yakhchal. Da hunturu sai su sako ruwa a faffaɗan kwatami mara zurfi a inuwar doguwar katanga, ya daskare cikin dare, a farfasa a jibge a ramin a lulluɓe da ciyawa har zafi ya shigo. Akwai irinsa a tsaye har yau a garin Maibud na lardin Yazd.

Abin da ya kamata uwargida ta fara ɗauka daga wurinsu ba wani haɗi guda ba ne, tsarin aikin ne. Ba kullum suke hura wuta don abin sha ba. Rana ɗaya ake ware wa, a dafa madarar sharbat, wato ruwan sukari mai kauri da ba a surka ba, a ɗura a kwalba. Duk sanda ƙishi ya taso ko baƙo ya zo, sai a tsiyayi kaɗan a surka da ruwan sanyi. Sukari da tsami su ke riƙe madarar kada ta lalace, shi ya sa tsarin ya dace da gidan da wutar lantarki ba ta zama.

Tukunya da kwalba

Kada ki dafa abu mai tsami a tukunyar dalma ko ta alminiyum. Tsamin yana cin ƙarfen, ya dusashe launin madarar, ya bar mata ɗanɗanon ƙarfe a harshe. Ki nemi tukunyar silba wadda ba ta tsatsa, ko mai fenti a ciki da ba ta ɓantare ba. Kwalbar ajiya ta gilas ce mai murfi mai kamawa. Ki wanke ta da sabulu, ki dafa ta a ruwa na minti goma, ki kife ta bushe ƙarau. Ɗigon ruwa ɗaya da ya rage a ciki ya isa ya jawo fumfuna. Duk inda aka ce kofi a nan, mai cin mililita 250 ake nufi.

Sikanjabin: da shi za a fara

Idan guda ɗaya kacal za ki koya, to ki koyi wannan. Haɗin khal ne, wato binega, da sukari ko zuma da na'a-na'a. Jin an ce a sha khal yana sa mutum ya ɗan ja baya, amma bayan dahuwa kaifinsa yana kwanciya, ya koma wani tsami mai wanke maƙogwaro wanda lemun tsami ba ya bayarwa. Tsohon abin sha ne ƙwarai. Likitocin Musulunci na da, har da Ibn Sina wanda ya rasu a 1037 aka binne shi a Hamadan, sun yi rubutu a kansa a matsayin magani, kuma asalinsa da zuma ake yi kafin sukari ya yi araha.

Abubuwan buƙata: sukari kofi 2, ruwa kofi 2, farin khal rabin kofi, ɗanyen na'a-na'a dami guda cikin hannu, sai kokwamba ta ranar sha.

Ki zuba sukarin da ruwan a tukunya, ki ɗora a matsakaiciyar wuta, kina juyawa har sai ba kya jin ƙwayar sukari a ƙarƙashin cokali. Daga nan ki daina juyawa. Yawan juya ruwan sukari bayan ya narke yana watsa shi a bangon tukunya, ya bushe, ya koma ya daskarar da sauran. Ki bar shi ya tafasa minti goma zuwa sha biyar. Idan farar kumfa ta taso ki kwashe.

Sai ki zuba khal ɗin, ki kau da fuskarki, don tururin farko yana shaƙe mutum har ya sa hawaye. Ki buɗe taga. Ki rage wuta, ki bar tukunyar a buɗe tana ɓararraka a hankali na minti 20 zuwa 30.

A nan aikin yake, wajen gane kaurin. Madarar da ke kan wuta kullum tana yaudara, za ki gan ta tsararo alhali da ta huce za ta yi kauri sosai. Don haka ba a gwada ta a tukunya. Ki ajiye ƙaramin faranti a cikin ruwan sanyi tun farko. Ki tsane shi, ki ɗiga madarar a kai, ki jira ta huce, sannan ki karkata farantin. Idan ta zuba da gudu, da sauranta. Idan ta tsaya cak kamar an kafa ta, kin zarce, ki ƙara ruwan zafi cokali uku ko huɗu ki sake tafasawa kaɗan. Abin da ake nema shi ne ɗigon ya gangaro a hankali yana barin sawu a bayansa. Ki kuma taɓa shi tsakanin babban yatsa da manuniya: ya yi danƙo, amma kada ya ja dogon zare.

Na'a-na'a a ƙarshe yake shiga. Ki wanke shi, ki shanya ya tsane, ki ɗaure damin da zare yadda zai yi sauƙin cirewa, ki nutsa shi da itacensa a tukunyar saura minti biyar ki sauke. Ki sauke, ki rufe, ki bar shi a ciki har madarar ta huce. Wasu sukan bar shi ya kwana, amma ni ina ganin awa biyu zuwa uku ya wadatar, don ganyen da ya daɗe yana baƙi ya fara sakin ɗaci. Ki cire, ki matse shi a mataci, ki tace madarar ki ɗura.

Ranar sha, ki goga kokwamba a abin goga kuɓewa, gefen manyan huji, da ɓawonta idan mai laushi ce. Ki sa babban cokali biyu na gogaggiyar kokwambar da ruwanta a kofin gilas, ki zuba madara kashi ɗaya, ruwan sanyi kashi huɗu, ƙanƙara, da ganyen na'a-na'a biyu a kai. Ki tuna ƙanƙarar ma ruwa ce. Idan za ki cika kofin da ita, ki rage ruwan ya koma kashi uku, in ba haka ba kafin a kai rabi ya salance.

Mai son na zuma ta ɗauki zuma kofi ɗaya, ruwa kofi ɗaya, khal rabin kofi. Wutarsa ta fi ta sukari sanyi, kuma yana yawan kumfa, sai an tsaya a kansa ana kwashewa. Khal na tuffa ya fi dacewa da zuma, sai dai launin yakan yi duhu. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba abin da aka yi da zuma.

Akwai wata hanyar cinsa da ba ta buƙatar ruwa ko kaɗan. Mutanen Iran sukan zuba madarar a ƙaramin kwano su riƙa tsoma ganyen latas suna ci, musamman ranar Sizdah Bedar, kwana na 13 bayan shigar sabuwar shekararsu ta Nauruz, ranar da kan faɗo a farkon Afrilu, lokacin da iyalai ke fita wuni a fili.

Za'afaran da ruwan wardi

Wannan shi ne sharbat na karramawa, na ɗaurin aure da manyan baƙi, kuma shi ake yawan rabawa sadaka a bakin titi a kwanakin Muharram. Mafi yawan za'afaran da duniya ke ci, wato jajayen silin tsakiyar wani fure, daga Iran yake fitowa, galibi daga gonakin Khurasan. Ruwan wardi kuwa garin Ƙamsar da ke kusa da Kashan ya yi suna da shi. A watan Mayu ake tsinke furen da sassafe, a dafa shi a manyan tukwanen tagulla, a tara tururinsa ya koma ruwa.

Kafin komai, hattara biyu wajen saye. Ruwan wardin da ake sayarwa don shafa fuska ba na sha ba ne, sau da yawa turare ne aka surka. Ki duba kwalbar, sai an rubuta na abinci ne. Za'afaran kuma yana da jabu da yawa, ana rina gashin masara ko wani fure daban a sayar da sunansa. Ki jefa sili biyu a ruwan ɗumi ki zuba ido. Na gaske a hankali yake sakin launin ruwan ɗorawa mai haske, silin kuma ya zauna da jansa. Wanda ya saki ja nan take ya koɗe, rini ne. Mai araha sosai ma abin tuhuma ne.

Ba a jefa za'afaran da silinsa a tukunya, asara ce. Ki ɗauki abin da yatsu uku za su tsinko, ki sa a ƙaramin turmi busasshe da ɗan sukari kaɗan, ki niƙa ya zama gari. Sukarin ne ke taimakawa ya niƙu. Ki juye garin a ƙaramin kofi, ki ɗora ƙanƙara biyu a kai ki bar ta ta narke da kanta, ko ki zuba ruwan zafi cokali uku wanda ba tafasasshe ba ki rufe na minti goma sha biyar. Ta ƙanƙara ta fi fitar da launi mai kyau, ta ruwan zafi ta fi sauri.

Ki dafa sukari kofi 2 da ruwa kofi ɗaya da rabi har ya kai kaurin da aka bayyana a sama, ki sa ƙaramin cokali ɗaya na ruwan lemun tsami. Tsamin nan shi ke hana sukarin komawa ƙwaya a kwalba. Sikanjabin ba ya buƙatarsa saboda khal ya riga ya yi aikin. Ki sauke, sannan ki zuba ruwan za'afaran da ruwan wardi babban cokali uku zuwa huɗu. Ƙamshin wardi tururi ne, idan ya hau wuta iska ce za ta sha. Kuma gara ya yi kaɗan da ya yi yawa, don sharbat da wardi ya rinjaya ɗanɗanon sabulu yake yi. Surki kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar.

'Ya'yan itatuwan da ke yawo a kofi

Duk wanda ya ga hoton shagon sharbat a Tehran zai lura da manyan tulunan gilas da wasu ƙananan ƙwayoyi ke hawa da sauka a ciki. Iri biyu ne.

Na farko tukhme sharbati, ƙananan baƙaƙen 'ya'yan wani tsiro ɗan'uwan ɗoɗɗoya. Shagunan kayan abincin Indiya na sayar da irinsa da sunan sabja, idan kuma ba a samu ba 'ya'yan ciya (chia) da ke manyan kantuna na iya tsayawa a madadinsa, sai dai sun fi daɗewa kafin su kumbura. Ki tsince shi tun yana busasshe, don da ya taɓa ruwa ba ya wankuwa. Ki jiƙa babban cokali ɗaya a kofin ruwa, ki juya nan take kada ya dunƙule. Cikin minti goma sha biyar kowace ƙwaya za ta yi farar riga mai santsi. Ki raba shi a kofuna uku ko huɗu na sharbat ɗin za'afaran, ki matsa lemun tsami. Ba a haɗiyarsa a bushe, ba a kuma ba ƙaramin yaro sai ya gama kumbura.

Na biyu khakshir, 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu launin ƙasa-ƙasa da ja. Samunsa a wajen Iran sai an yi sa'a ko an yi saƙo. Mutanen can sun ɗauke shi maganin bugun rana da taurin ciki. Matsalarsa yashi, domin ƙwayar da yashin kusan girmansu ɗaya, rariya ba ta raba su. Sai dai a rege shi yadda ake rege gero a ƙwarya: a zuba a kwano, a cika ruwa, a jujjuya, a tsiyaye ƙwayoyin da suka taso zuwa wani kwanon, a bar yashin a ƙasa a zubar. A maimaita har sai gindin kwanon ya fito tas. Sannan a jiƙa na awa ɗaya, a sa babban cokali ɗaya a kowane kofi da sukari kaɗan da ɗigon ruwan wardi. Yana saurin kwanciya a ƙasa, shi ya sa ake barin cokali a kofin.

Dugh, mai gishiri

Wannan ba sharbat ba ne, babu sukari a cikinsa, kuma da abinci ake shansa, musamman shinkafa da gasasshen nama. Wanda ya saba da nono mai sukari zai ji shi banbaraƙwai a kurɓin farko. A ranar da aka sha gumi kuwa, babu wanda ya kai shi mayar da jiki daidai, saboda gishirin.

Ki samu kindirmo mai ɗan tsami wanda aka yi da dafaffiyar madarar shanu, ko yogot wanda ba a sa wa sukari ba. Ki duba da kyau, yawancin na roba da ake sayarwa a shaguna masu zaƙi ne, ba za su yi ba. Kindirmo kofi ɗaya, ruwan sanyi kofi biyu, gishiri rabin ƙaramin cokali, busasshen na'a-na'a ƙaramin cokali ɗaya. Ki fara burga kindirmon da gishirin su kaɗai har ya yi sumul, sannan ki riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan kina burgawa. Idan kika zuba ruwan gaba ɗaya tun farko, gudaji za su yi ta yawo ba za su fashe ba. Ki murtsuke na'a-na'an tsakanin tafukanki a kai. Busasshe ya fi ɗanye a nan, ƙamshinsa ya fi ratsa nonon. A sa a firji awa ɗaya.

A Iran ana son dugh mai gas. Idan shi kike so, ki burga da ruwa kofi ɗaya kawai, sai an zo sha ki cika da ruwan soda mara zaƙi, ki juya sau ɗaya a hankali. Idan ya zauna za ki ga ruwa ya rabu ya taso sama, ba lalacewa ya yi ba, girgizawa ake yi.

Sa na'a-na'a a nono ba don ƙamshi kaɗai ba ne a wurinsu. Suna kasa abinci gida biyu, mai ɗabi'ar zafi da mai ɗabi'ar sanyi, ba tare da la'akari da ko daga wuta ya sauko ko daga firji ba. Nono da kokwamba masu sanyi ne, na'a-na'a da za'afaran da zabibi da dabino masu zafi, kuma ba a haɗa masu sanyi zalla sai an raka su da mai zafi. Ko mutum bai yarda da bayanin ba, harshe ya yarda da haɗin. Shi ne tushen abdugh khiyar, abincin rana na kwanakin da ba a iya tsayawa gaban murhu: dugh mai ɗan kauri a kwano, yankakkiyar kokwamba, zabibi, dakakken gerdu (ƙwallon wani itace da Turawa ke kira walnut), ganyayyaki masu ƙamshi, ƙanƙara, a gutsuttsura busasshen burodi a ciki a sha da cokali. Yazawa na iya maye gurbin gerdu.

Sauran, a gurguje

Na lemun tsami: ki dafa ruwan sukarin shi kaɗai, ya huce sarai, sannan ki zuba ruwan lemun. Lemun da ya tafasa ɗaci yake yi. Wannan ba ya jure ajiya kamar sikanjabin, firji yake so, a shanye cikin mako.

Na albalu, wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami da ke nuna a farkon zafi, shi ne abin son yara a can. Ana barbaɗa musu sukari nauyi da nauyi su kwana, a dafa, a tace ruwan ya zama madara, 'ya'yan su zama abin shafa wa burodi. Ba ya fitowa a ƙasa mai zafi irin tamu. Zoɓo mai kauri da aka dafa da sukari a wannan tsari zai ba da launin da tsamin, kuma yana da daɗi, amma kada a kira shi albalu.

Faluda ta Shiraz ta fi kusa da abin lasa, da cokali ake shanta. Ki narkar da sukari kofi ɗaya a ruwa kofi biyu da rabi a wuta, ya huce, ki sa ruwan wardi babban cokali uku da lemun tsami cokali ɗaya, ki zuba a faffaɗan kwano ki sa a firiza. Duk bayan awa ɗaya ki karce shi da cokali mai yatsu. Ki dafa siririyar taliyar shinkafa har ta yi laushi fiye da yadda ake ci, don sanyi zai ƙara mata tauri, ki ɗauraye a ruwan ƙanƙara, ki yanka gajeru, ki cakuɗa da ruwan idan ya fara kamawa. A ci gaba da karcewa har ya zama ɓarɓashi. Ana matsa lemun tsami a kai lokacin sha. Idan wutar unguwarku ba ta yin awa biyar a jere, ki haƙura da ita.

Ajiya da gyaran kuskure

Sikanjabin da ya kai kauri yakan yi makonni a wuri mai sanyi da duhu, a firji kuma watanni. Ki riƙa tsiyayowa daga kwalbar, kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga, ki goge bakinta kafin ki rufe. Kokwamba da 'ya'yan da aka jiƙa ba sa shiga kwalbar ajiya, na ranar sha ne kawai, kuma abin da aka riga aka surka ba ya kwana a waje. Dugh kwana biyu zuwa uku ne a firji, yana ƙara tsami kullum.

Idan kika ga sukari ya daskare a gindin kwalba, dahuwar ta zarce ko tsami ya yi kaɗan. Ki juye a tukunya, ki ƙara ruwa kaɗan da cokalin khal ko lemun tsami, ki ɗumama har ya narke. Idan madarar ta fara kumfa da kanta, ko murfin ya yi tsit lokacin buɗewa, ko fumfuna ta fito a sama, ruwa ya yi mata yawa tun wajen dahuwa. Wannan ba a kwashe saman a sha sauran, zubarwa ake yi. Mai ciwon sukari kuma ya sani fiye da rabin madarar nan sukari ne, ta zuma ma haka, don haka dugh ne nasa, shi ma a rage gishirin idan akwai hawan jini.